Amsar Da Na Ba Likitar Masar

Mun sauka Alƙahira da hantsi, ni da ƙanena Habibu da wani ma'aikacin jinya da ya rako mu daga Kano. Ni da ƙafata na sauko daga jirgi. Habibu kuwa a kan gadon marasa lafiya aka sauko da shi, da roba a hanci, idonsa a buɗe yana kallon sama. Wata huɗu ke nan yana haka. Babur ne ya kayar da shi a hanyar Kabo, yana dawowa Gwarzo daga kai wa wasu manoma taki, kansa ya daki kwalta. Likitocin Kano suka ce dogon suma ne. Bayan sati uku ya buɗe ido, muka yi ta murna har da sadakar waina, ashe idon ne kawai ya buɗe, shi mutumin bai dawo ba. Ba ya magana, ba ya motsi, ba ya gane kowa. Kunu ma ta robar nan ake ɗura masa.

Sunana Talatu. Ni ce babba a ɗakinmu, shekara bakwai na ba Habibu. Man gyaɗa da ƙuli nake yi a Gwarzo tun rasuwar maigidana, kuma duk wanda ya taɓa ciniki da ni ya san ba a kai ni ƙasa a magana. Da aka zauna shawarar wanda zai raka shi, matarsa Sa'adatu ta ce ita za ta je. Na ce, "Ki je ki bar wa wa yara biyar? Ni ina da fasfo tun na aikin Hajji, kuma ni na goya shi." Ta sunkuyar da kai, don a gidanmu idan na yanke magana ta yanku. A lokacin gani nake ƙoƙari na yi.

Wanda ya ja mu zuwa Masar wani dillalin asibiti ne da yake zagaya ɗakunan marasa lafiya a Kano, da babbar riga da ƙamshin turare. Ya nuna mana hoto mai motsi a waya. An ɗora wa wani Balarabe wani abu a ka yana ƙara tas-tas-tas, can gaba sai ga mutumin yana tafiya da ƙafarsa. Ya ce injin maganaɗisu ne, zaburar da ƙwaƙwalwa yake yi ta tashi, kamar yadda ake tura mota idan batirinta ya kwanta. Sati biyu, in ji shi, za ku dawo da shi yana cin tuwo da hannunsa. Muka sayar da fadamar da Baba ya bar mana a Kutama, ba wanda ya yi gardama.

Abokin harkarsa na can, wani Balarabe mai gashin baki, shi ya tare mu. Ya kai Habibu wani ƙaramin asibiti a cikin lungu, ni kuma ya ajiye ni a wani ɗaki a hawa na shida na wani tsohon bene da lif ɗinsa ya daɗe da mutuwa. Ma'aikacin jinyarmu ya juya gida washegari. Kwana uku ina zaune gefen Habibu ina jiran inji, sai dai a zo a juya shi a fita. Larabcina na salla ne da na cinikin dabino, ba ya kaiwa ga tambaya. Rana ta huɗu na kama hannun wata nas, na ɗora tafina a kaina ina kwaikwayon ƙarar da na ji a wayar dillali. Ta yi dariya, ta ja ni wani ɗaki ta nuna mini inji, sai na ga na gasa ƙafa ne, irin wanda ake yi wa masu ciwon gwiwa. Na kira mai gashin baki, waya a kashe. Na kira dillalin Kano, shi ma a kashe. Allah ya isan da na ja a ranar, da tana kama mutum nan take, da su biyun ba su ga la'asar ba.

A matattakalar benen na zauna na yi kuka, ni da ko ranar da aka fita da gawar mijina ban bari an ga hawayena ba. Matar maigadin gidan ce ta same ni. Ummu Ahmad ake ce mata, ƙatuwar mace mai baƙar riga, ɗakinsu ɗan ƙuƙut a ƙarƙashin bene. Ta ja ni ciki, ta ba ni shayi mai shegen zaƙi da gurasa da dafaffen wake. Ta yi ta zuba Larabci, na yi ta zuba Hausa, kuma wallahi mun fahimci juna. Washegari da safe ta riƙe hannuna kamar makauniya, muka hau mota biyu, ta kai ni wata unguwa da baƙaƙen fata suka yi yawa, ta tura ni cikin wani ɗan gidan abinci. Ina shiga ƙamshin daddawa ya dake ni, sai da na dafa bango.

Wani mutum yana zaune yana cin tuwo, mai furfura kaɗan a gemu, da hular zanna a kansa. Ya dube ni ya dubi ɗaurin ɗankwalina.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ya hanya? Ya baƙunta? Ya aka baro mutanen gida?"

"Lafiya lau, Malam. Baƙunta kam ga ta nan muna sha."

"Daga wane gari?"

"Gwarzo. Amma asalinmu Kutama."

Ya tsame hannu daga kwano. "Ikon Allah. Ni ɗan Masanawa ne, ta Kabo. Ashe maƙwabciyata ce. Zauna, Hajiya, a kawo miki tuwo tukuna, magana daga baya."

Sunansa Malam Nasiru. Malamin makaranta ne a gida, ya zo ƙarasa babban karatu, shekararsa huɗu a can. Ina ci ina ba shi labari. Da na ambaci Habibu mai taki sai ya ɗaga kai.

"Ba shi ne baban Rabi ba? Wadda Auwalu na Gammo zai aura?"

"Shi ne. Ka san su?"

"Haba, Hajiya. Ai mahaifiyar Auwalu yayar matata ce, ciki ɗaya. Ko shekaranjiya mun yi waya da gidan."

Na ɗaga hannu na gode wa Allah da ya jefo mini ɗan'uwa a tsakiyar Larabawa. Rabi ita ce 'yar farin Habibu. Ita da Auwalu suna son junansu, gidansu kuma gidan sarauta ne a Gammo, masu bincike kafin su nemi aure. An kawo lefe wata ɗaya kafin hatsarin, sa rana kawai ya rage.

Malam Nasiru ya ajiye karatunsa ya shiga gari. Kwana biyar yana yawo, har ya gano babban asibitin da yake da injin na gaskiya, ya yi cuku-cukun takardu aka mayar da Habibu can. Ko kuɗin mota bai taɓa bari na biya masa ba. Likitar da aka haɗa mu da ita mace ce, siririya mai tabarau, ba ta da yawan dariya. Malam Nasiru ne tafinta. Ta ce kada in ɗauka tashin matattu suke yi. Wasu suna ɗan dawowa, wasu ba sa dawowa, har yanzu ana kan gwada abin ne. Na ce wannan ba irin maganar dillali ba ce, kuma a nan hankalina ya kwanta da ita.

Sai ta ɗauko takarda ta fara tambaya. Akwai ƙarfe a kansa? Babu. An taɓa sa masa wani inji a ƙirji? A'a. Ya taɓa aikin ƙira ko walda, da ɓarɓashin ƙarfe zai shiga idonsa? A'a. Tana tambaya Malam Nasiru yana juya mini, ina amsawa da sauri kamar mai ba da hadda.

"Ta ce, ya taɓa yin farfaɗiya? Ko sau ɗaya, ko da yana yaro?"

Habibu yana da shekara bakwai ya fara faɗuwa. A gonar gyaɗa ne a Kutama, daga ni sai shi. Na ga ya sandare, ya zube, yana ta fizga, kumfa a bakinsa. Na goya shi na yi gida a guje. Inna ta karɓe shi ta ja ƙofa, ta kama kunnena ta ce, "Maganar nan daga ni sai ke sai Babanku. Ran da ta fita, ke da ƙannenki mata babu mai ɗaukarku." Ba sharri Inna ta yi wa mutane ba. A wajenmu gudun gidan da aka san da farfaɗiya ake yi. Ana cewa gado ce, wasu ma har cewa suke ana ɗauka a yawu. Baba ya riƙa kai shi Kano a ɓoye, a ce wa maƙwabta sun je gaida Kawu, su dawo da ƙwaya a aljihu. Yana kai shekara goma sha huɗu ta ɗauke. Shekara talatin ban ƙara jin labarinta ba. Ƙannena mata duk suka yi aure, Inna da Baba suka tafi da maganar kabari, ta rage a cikina ni kaɗai.

Na dubi likita, na dubi Malam Nasiru. Mutumin kirki ne, ban ga komai a wurinsa ba sai alheri. Amma da na dube shi Gammo na gani. Na ga ya faɗa wa matarsa, ba da mugunta ba, cikin hira, matarsa ta faɗa wa yayarta, an aiko a karɓi akwatunan lefe daga ɗakin Rabi, uban yarinya a kwance ba ya iya cewa komai.

Na ce, "A'a. Bai taɓa ba."

Likita ta sa alƙalami a kan wani layi a takardar magungunan da muka zo da ita daga Kano. Ta yi magana mai ɗan tsawo.

"Ta ce wannan ƙwayar ta masu farfaɗiya ce. Akan ba wanda ya bugu a ka don rigakafi. Tana so ta sani, saboda hatsarin aka fara ba shi, ko dama can yana sha?"

"Saboda hatsarin ne," na ce. Wannan kam da zuciya ɗaya na faɗa, don iya sanina ke nan.

"To, ta ce za ta janye masa ita a hankali, don tana sa ƙwaƙwalwa barci, su kuma tashinta suke so su yi. Amma ta ce injin nan yana iya tayar da farfaɗiya ga mai ita. Idan yana da ita tun da, ki faɗa mata, akwai yadda suke yi. Za su bar masa maganin, su bi shi a sannu."

Da kunnena na ji wannan. Ba zan ce ba a faɗa mini ba. Na ce a raina, abin da ya yi shekara talatin da tafiya, me zai dawo da shi? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na sake girgiza kai, likita ta rubuta, na dangwala hannu a takarda.

Sati uku aka yi ana rage masa ƙwayar kafin a fara. A satuttukan nan na san kewa. Damina ce a gida. Ina zaune a ɗakin asibiti mai sanyin inji, ina lissafin yanzu gero ya yi ciki, yanzu an fara cin ɗanyar gyaɗa, yanzu matan layinmu suna zuwa ƙofata da kwalba su tarar da kwaɗo. A Alƙahira ko ɗigon ruwa ban gani ba, sai ƙarar hon daga safe har yamma. Wake da gurasa suka fita raina. Malam Nasiru ya lura, ya riƙa zuwa mini da tuwo da miyar kuka a kula duk Juma'a, ya ce kukar ma daga Masanawa aka aiko masa. Kullum bayan azahar ina kiran Sa'adatu in haska mata fuskar mijinta, yara su yi ta kiran Baba, Baba.

Zuciyata ba ta bar ni ba. Wata safiya Malam Nasiru bai zo ba, na tashi na nufi ofishin likitar ni kaɗai. Ba ni da Larabcin da zan faɗa mata, amma na yi shawarar abin da zan yi. Zan nuna ɗakin Habibu, in nuna tsayin ƙaramin yaro da hannuna, sannan in zube ƙasa in yi ta fizga har ta gane. Na tura ƙofar sai na tarar da maza biyu a zaune a gabanta, ɗaya ma da rawani. Ni, mace mai shekara hamsin da biyu, in kwanta ina birgima a gaban maza? Ta ɗago tana tambayata da ido. Na ce mata salamu alaikum, na ja ƙofa na koma. Na ce gobe. Goben ta zo na ce jibi.

Ranar da aka fara, an tura gadonsa wani ɗaki mai tsabta. Injin ba shi da wani kwarjini, akwati ne a kan taya, da igiya mai kauri, a bakinta wani abu kamar faifai biyu a manne. Likita ta ɗora masa a gefen ka, ta taka wani abu, ya ce tas. Sai na ga babban yatsan Habibu ya zabura. Na miƙe ina salati. Malam Nasiru ya ce, "Zauna, Hajiya, ta ce wannan injin ne ya motsa shi, ba shi ba. Awo take yi." Na zauna, amma raina bai yarda ba. Wata biyar ban ga yatsan nan ya motsa ba.

Kullum da safe ake yi, kamar tsawon dahuwar shinkafa. Ba ya barin ko tabo, ba jini, ba allura. Kwana biyar babu wani canji. Rana ta shida ina gyara masa matashi, na zagaya ta ɗaya gefen gadon, sai na ga idonsa ya biyo ni. Na koma, ya sake biyo ni. Na kira nas, nas ta kira likita. Ta zo da madubi ta sa a gaban fuskarsa tana matsar da shi a hankali, idon yana bi har ƙarshe. Ranar na fara ganin haƙoran matar nan.

Rana ta tara na riƙe hannunsa na ce, "Habibu, Yaya Talatu ce. In kana ji na, matse hannuna." Hannun bai motsa ba. Na ce, "Kai, ɗan nema, ni za ka yi wa taurin kai? Na baro ƙulina na biyo ka ƙasar Fir'auna, ka matse hannuna na ce." Sai na ji yatsunsa sun naɗe a kan nawa. Ba ƙarfi, kamar riƙon jariri, amma riƙo ne. Likita ta sa na maimaita sau biyar, ya yi uku. Ta ce alama ce mai kyau, kada dai in yi gaggawa. Na kira gida. Rabi ce ta karɓi wayar daga hannun Sa'adatu tana kuka tana cewa, "Gwaggo, ki ce masa ba za a sa rana ba sai ya dawo." Na manta da tambayar likita gaba ɗaya. Na ce ashe tsoron banza nake ji.

Rana ta goma sha ɗaya, injin bai daɗe da fara ƙara ba na ga gefen bakinsa yana rawa. Na san wannan rawar. Kafin likita ta ɗauke abin daga kansa ya sandare, idonsa ya juye, gadon gaba ɗaya ya kama jijjiga. Suka yi masa allura ta lafa, ta sake dawowa, ta lafa, ta sake dawowa. Kunun da aka ɗura masa da safe ya taso. Aka tura ni waje, aka wuce da shi a guje ta gabana.

Sai bayan azahar likita ta kira mu. Ta ce sun samu ta tsaya, amma aman ya shiga huhunsa, yanzu inji ne yake taya shi numfashi. Ta cire tabarau ta ajiye, ta yi magana a hankali.

Malam Nasiru ya ce, "Ta ce irin wannan ba ta cika zuwa haka kawai ba. Tana roƙonki ki sake tunani."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa. Gonar gyaɗa, Inna, tafiyar Baba Kano, duka. Malam Nasiru yana juya mata kansa a ƙasa, bai dube ni ba ko sau ɗaya. Na zaci za ta yi mini faɗa, kuma da ta yi da na fi jin daɗi. Ba ta yi ba. Ta ce da na faɗa, da ba ta taɓa maganin ba. Na ce ya tambaye ta, da na faɗa, da ya tashi? Ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta yi mini ƙarya ta kowane gefe ba. Ya fara dawowa, iyakar abin da ta gani ke nan.

Da muka fito Malam Nasiru ya tsaya a baranda yana kallon motoci.

"Hajiya, saboda ni ne?"

"Saboda kai ne, Malam. Saboda Gammo."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Shekara huɗu ina yi wa mutanenmu tafinta a asibitocin garin nan. Na ji abin da in na faɗa gidaje za su watse. Matata ba ta taɓa jin ko ɗaya ba. Laifina ne da ban gaya miki haka tun farko ba. Na ɗauka kin sani."

Ban sani ba, kuma ban tambaya ba. Kalma ɗaya ce, da na ja shi gefe na ce Malam, akwai magana, amana ce. Na ci tuwonsa sati uku ban yarda da shi ba. Washegari ya zo kamar kullum, ya gaishe ni kamar kullum, kuma har yau ban ji maganar a bakin kowa a Kabo ba.

Habibu ya yi kwana ashirin a ɗakin kulawa ta musamman. Huhun ya warke, aka cire masa injin numfashi. Likita ta zo da madubinta, ta matsar da shi dama, ta matsar hagu. Idon yana kallon sama. Na riƙe hannunsa na lallashe shi, na zage shi, na kira shi da sunan da Inna take kiransa. Hannun yana nan a sake. Ta ce ba za ta sake ɗora masa maganaɗisu ba, ƙwaƙwalwar ta wahala, gara mu koma gida cikin 'yan'uwa. Ranar da za mu taho Ummu Ahmad ta cusa mini ƙullin gurasa a jaka, ta rungume ni tana kuka. Ita ba ta san abin da na yi ba.

Mun dawo ana yankan gero. A gida na ce jikin ne ya rikice, aka ce Allah ya sa kaffara ce, aka yi ta yi mini sannu da ɗawainiya. Kowace sannu kamar a watsa mini ruwan zafi. Habibu ya yi wata biyu a ɗakinsa a Gwarzo, Sa'adatu tana juya shi tana goge shi, ran wata Asabar da walaha ya cika. Aka kai shi Kutama kusa da Baba. Mutanen Gammo suka zo gaisuwa mota biyu, suka ce maganar aure tana nan, sai a bari a fita takaba. Asiri ya rufu, yadda na so.

Bayan sadakar arba'in na kasa ci gaba da ɗauka. Na je gidan da rana, yara suna makaranta. Sa'adatu tana zaune a tabarma a ƙofar ɗaki cikin kayan takaba, tana ɓarar gyaɗa a ƙwarya. Muka gaisa, na yi mata ya haƙuri, ta yi mini. Sannan na ce, "Sa'a, akwai abin da ba ki sani ba game da mijinki." Na faɗa mata tun daga gonar gyaɗa har ofishin likita. Ban rage komai ba. Na ce ya warke tun yana yaro, shi ya sa na ga babu amfanin tonawa.

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar.

"Yaya, ai bai warke ba."

Na dube ta.

"Ta dawo masa shekarar da na haifi Rabi. A gabana ya faɗi. Shi ya ce kada in gaya miki, wai kin sha wahalarsa yana yaro, a bar ki da cewa ta tafi. Shekara goma sha tara kullum da safe ni nake miƙa masa ƙwayar da ruwa. Da aka kwantar da shi a Kano ni na bi likita waje na gaya masa, shi ya sa ya rubuta ta. Na ɗauka duk likitan da ya ga sunanta a takarda zai gane."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba da za mu tafi?"

"Ke me ya sa ba ki faɗa mini ba, Yaya?" Ba da faɗa ta yi tambayar ba, muryarta a ƙasa take. "Kullum muka yi waya ina tambayarki ko ana ba shi magungunansa duka. Sai ki ce in bar wa likitoci aikinsu, in yi addu'a."

Haka ne. Na tuna, kuma da irin muryar da nake faɗa mata na tuna.

Ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta riƙe ba ta fasa ba. Ta ce, "Ban ce kin kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma da ni na je, ko a gaban mutanen Gammo duka aka tambaye ni, zan faɗa. Rabi za ta iya samun wani mijin, Yaya. Uba fa?"

Ta jawo ƙwaryar ta ci gaba da ɓara. Na matsa kan tabarmar na sa hannu ina taya ta, ba ta hana ni ba, har aka kira la'asar.